Motocin kat-kat a ƙasar Adar: bambancin tsarin jan taya huɗu da abin da ke sa mota ta daɗe

Tabotaki komin ce ta karkara a gundumar Bouza, cikin jihar Tahoua, tana maƙwabtaka da gundumar Keita. Mutumin da ya taso daga ƙauyukan wannan yanki zai je Bouza, Keita ko Madaoua, yakan taka ƙasa iri huɗu kafin ya kai babbar hanya: dutse da marmara a kan tudu, gangara mai tsakuwa, yashi a cikin ƙorama, sai kuma laka a fadama idan damina ta kankama. Shi ya sa motar da ake dogaro da ita a nan ita ce mai jan taya huɗu, wadda aka fi sani da kat-kat. Ita ke ɗaukar mai naƙuda daga gidan likitan ƙauye zuwa asibitin gunduma, ita ke fitar da albasa da hatsi zuwa kasuwa, ita ke kai ma'aikatan rigakafi da malaman gona inda babu kwalta.

Sai dai ba duk motar da aka rubuta wa 4x4 ko 4WD ko AWD a jiki ke aiki iri ɗaya ba. Tsarin ya kasu uku, kowanne da inda ya fi ƙarfi da inda yake kasawa. Rashin sanin bambancinsu na sa mutum ya sayi motar da ba za ta yi masa aiki ba, ko ya lalata wadda ta dace da shi da hannunsa.

Ƙasar da motar za ta taka

Yankin Adar, Dutsi da Majiya ƙasa ce ta tuddai masu faɗin kai da kwaruruka a tsakaninsu. Ruwan sama na sauka ne daga Yuni zuwa Satumba, ya fi yawa a Agusta. Da yake tuddan fako ne, ba sa shan ruwa, sai ya gangaro gaba ɗaya ya cika ƙoramu cikin ɗan lokaci, ya yanke hanya, ya bar ramuka da sabon yashi bayan ya wuce. Wannan zaizayar ƙasa na cikin dalilan da suka sa aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita a 1984 da tallafin Italiya da hukumar FAO. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura da hazo ne ke cika iska. A Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40. Hanyoyin burji kuma suna yin gargada, wadda ke kwance kusoshi ta karya sifirin. Ke nan motar wannan yanki tana fama da ruwa, ƙura, zafi da girgiza a cikin shekara guda.

Yadda ƙarfin inji ke isa ga taya

Ƙarfin inji na bi ta giyabos, ya shiga dogon ƙarfe mai juyawa a ƙarƙashin mota, wanda makanikai ke kira kardan ko furofela, ya isa ga gatarin taya, wato pon. A tsakiyar pon akwai wata ƙullin haƙoran giya da ake kira difaransiyal. Aikinta shi ne ta bar taya biyu na pon ɗaya su juya da gudu daban-daban. Idan mota ta sha kwana, tayar da ke waje na yin tafiya mai tsawo fiye da ta ciki, dole ta fi ta saurin juyawa.

Difaransiyal na da aibi ɗaya. Tana raba ƙarfi daidai tsakanin tayoyin biyu, kuma ƙarfin da kowace za ta samu ba ya wuce abin da tayar da ta fi rashin riƙo za ta iya ɗauka. Idan taya ɗaya ta faɗa taɓo ko ta ɗaga sama, ita ce za ta yi ta juyawa a banza, ɗayar kuma tana kan ƙasa mai kyau amma ba ta motsi. Duk bambancin tsarin kat-kat ya taso ne daga yadda kowane kamfani ya magance wannan matsala, da kuma yadda ake raba ƙarfi tsakanin pon na gaba da na baya. Na'urar da ke wannan rabon tana bayan giyabos, ana kiran ta akwatin raba ƙarfi ko taransifa.

Tsari na farko: wanda direba ke sakawa ya cire

Shi ne tsarin Toyota Hilux, da Land Cruiser samfurin 70 (mai buɗaɗɗen baya 79 da mai dogon gida 78), da Nissan Patrol Y60 da Y61, da Isuzu D-Max, da yawancin motocin akori-kura masu taya huɗu. A kan kwalta motar na tafiya da tayoyin baya kaɗai, ƙaramin sandan giya yana kan H2. Idan an shiga yashi ko laka sai direba ya mayar da shi H4, abin da direbobi ke kira sa karabo. A nan kardan na gaba da na baya suna haɗewa su zama abu ɗaya, suna juyawa da gudu ɗaya tilas.

Wannan haɗewa ita ce ƙarfin tsarin: ko tayoyin baya sun rasa riƙo, na gaba za su ja. Ita ce kuma hatsarinsa. A kwana, tayoyin gaba na yin tafiya mai tsawo fiye da na baya. A kan yashi ko tsakuwa taya kan ɗan zame, bambancin ya tafi. A kan kwalta ko dutse mai riƙo babu zamewa, sai ƙarfen ya yi ta murɗewa a ciki. Alamarsa ita ce sitiyari ya yi nauyi, mota ta riƙa tsalle a kwana, sandan ya ƙi fita daga H4. Idan aka ci gaba a haka, taransifa ko kardan ko haƙoran pon za su ba da kai. Direban da ya fito daga ƙorama ya hau kwaltar Madaoua zuwa Birnin Ƙonni, abu na farko da zai yi shi ne cire karabo. Idan sandan ya ƙi, sai ya ja da baya kai tsaye ƴan mitoci, murɗin ya saki.

Tsofaffin motocin wannan tsari suna da makulli a cibiyar tayoyin gaba mai rubutu FREE da LOCK. Sai an sauka an murɗa duka biyun zuwa LOCK kafin H4 ta yi aiki. Direbobi da yawa sun kafe a yashi suna zargin mota, alhali makullin ne ba a murɗa ba. Littafin Toyota na ba da shawarar a riƙa tafiyar aƙalla kilomita 16 kowane wata da gaban a kulle, don mai ya zagaya ƙarafan. Sababbin Hilux kuwa maɓalli ake murɗawa a gaban direba, ƙaramin injin lantarki ya yi sauran aikin. Ya fi sauƙi, amma idan ruwa ya shiga wannan inji ko wayarsa ta tsinke, karabo ba za ta shiga ba.

Tsari na biyu: taya huɗu koyaushe

A wannan tsari tayoyi huɗu na ja a kowane lokaci, ko a kwalta ko a daji. Abin da ya ba da damar haka shi ne difaransiyal ta uku da aka sa a cikin taransifa, tsakanin gaba da baya, don kada ƙarfe ya murɗe a kwana. Range Rover ta zo da shi a 1970, Land Rover 110 da 90 da aka sa wa suna Defender daga baya suka bi. Toyota ta sa shi a yawancin Land Cruiser 80 da ta fito a 1990, sannan 100 a 1998, 200 a 2007 da 300 a 2021, haka ma Prado 120 da 150.

Amfaninsa a bayyane yake a hanyar da ke sauya hali, kwalta nan, burji can, yashin da iska ta zubo a kan hanya gaba kaɗan. Motar na riƙe ƙasa ba tare da direba ya taɓa komai ba. Amma difaransiyal ta tsakiya tana da aibin ƴan uwanta: idan ba a kulle ta ba, taya ɗaya tak da ta rasa riƙo na iya tsayar da motar. Don haka akwai maɓalli ko sanda na kulle ta. Da an kulle, motar ta koma kamar mai tsari na farko a H4, kuma dokar ɗaya ce: a buɗe kafin a hau kwalta. Waɗannan motoci sun fi shan mai da cin tayoyin gaba, kuma kayan gyaransu sun fi tsada.

Mitsubishi ta haɗa tsarin biyu a wuri ɗaya. Tun daga Pajero ta 1991 ta fito da Super Select, mai matakai huɗu: 2H na tayoyin baya kaɗai, 4H na taya huɗu da tsakiya a buɗe wanda ake iya hawa kwalta da shi, 4HLc na tsakiya a kulle, da 4LLc na ƙaramar giya. Ana samun sa a wasu L200 ma. An daina ƙera Pajero a 2021.

Tsari na uku: wanda mota ke yi da kanta

Shi ne na ƙananan motocin gari masu ɗan tsayi, irin Toyota RAV4 da ta fara fitowa a 1994, da Honda CR-V, da Highlander, da Hyundai Tucson, waɗanda ake yawan rubuta wa AWD. A yawancin na yanzu, motar na tafiya ne da tayoyin gaba. Idan suka fara zamewa, sai wani kuloci da ke kan kardan ya kama, ya tura wani kaso na ƙarfi baya. Direba ba ya yin komai, in ban da wani maɓallin kulle da wasu ke da shi. A RAV4 ta shekarun 2006 zuwa sama, yakan saki da kansa idan gudu ya wuce kilomita 40 a awa.

An yi wannan tsari ne don kwalta mai santsi, ƙanƙara da ruwan sama a ƙasashen sanyi. Yana taimakawa a hanyar burji mai kyau da ɗan gajeren yashi. A dogon yashi mai zurfi kuwa kulocin na yin zafi, kwamfutar motar ta cire shi don kada ya ƙone, mota ta koma mai taya biyu a daidai lokacin da ake buƙatar huɗu. Ba ta da ƙaramar giya, cikinta na kusa da ƙasa, kuma ba ta da shasi daban da gangar jiki kamar Hilux ko Land Cruiser. Tana kuma buƙatar tayoyi huɗu masu girma ɗaya da cinyewa kusan ɗaya. Sa mata tayoyin hannu mabambanta na sa kulocin ya yi ta aiki ba hutu har ya mutu. Idan ta lalace, a ɗora ta a kan babbar mota. Jan ta da taya biyu a ƙasa biyu a sama na lalata tsarin.

Ƙaramar giya da makullin pon

Abin da ya raba motar daji ta gaskiya da motar gari shi ne ƙaramar giya, L4, wadda direbobin Najeriya ke kira ogzilari. Tana rage gudun taya ninki biyu zuwa uku gwargwadon mota, ta ƙara ƙarfin ja da wannan gwargwado. Da ita ake hawa tudu mai duwatsu da kaya, da ita ake saukowa gangara inji na riƙe mota ba tare da an ƙona birki ba, da ita ake fita daga yashi ba tare da an cinye kuloci ba. Ba a sa ta mota na tafiya. Sai an tsaya cak, an taka kuloci, ko an sa giya a N idan motar otomatik ce.

Ko da karabo da ƙaramar giya, mota na iya kafewa idan tayar gaba ɗaya da ta baya ɗaya suka rasa riƙo tare, kamar yadda ke faruwa wajen tsallaka rami a karkace. Maganin wannan shi ne makullin difaransiyal na pon, wanda ke tilasta wa taya biyu juyawa tare. Wasu Land Cruiser 70 da 80 suna da shi gaba da baya, wasu Hilux na baya kaɗai. Ana sa shi a tsaye ko a tafiyar hawainiya, a cire da zarar an fita, domin mota mai gaba a kulle ba ta jin sitiyari. Sababbin motoci na amfani da kwamfuta wajen taka wa tayar da ke juyawa a banza birki, ƙarfi ya koma ɗayar. Yana aiki, muddin na'urorin da ke auna juyin taya suna da lafiya.

Yadda Toyota ta mamaye hanyoyin Sahel

Kat-kat ta zamani ta samo asali ne daga Jeep ta sojojin Amurka ta 1941. Ingila ta fito da Land Rover a 1948, Japan ta fito da Nissan Patrol da Toyota BJ a 1951, aka sa wa ta biyun suna Land Cruiser a 1954. A shekarun farko bayan samun ƴancin kai, Land Rover da Peugeot 404 da 504 ne suka fi yawa a hanyoyin Nijar, kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna da ta fara aiki a 1975 ta sa kayan gyaran 504 sun wadata a ƙasar Hausa. Hilux ta fito a 1968, mai taya huɗunta a 1979, Land Cruiser 70 kuma a 1984, kuma har yau ana ƙera ta.

Abubuwa da dama sun ɗaga sunan motocin Japan a yankin. Tseren Paris zuwa Dakar da aka fara a ƙarshen 1978 ya sha ratsa Agadez da Tenere, Pajero ta lashe shi sau 12. A 1987 sojojin Chadi sun fatattaki dakarun Libiya a Fada da Wadi Dum da motocin Toyota masu buɗaɗɗen baya, har aka sa wa faɗan suna Yaƙin Toyota. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji, irin su MSF da ta daɗe tana aiki a Madaoua, sun zaɓi Land Cruiser 78 da 79 a matsayin motar aiki da ta ɗaukar marasa lafiya. Idan furoje ya ƙare ko motar ta tsufa, sai a sayar, ta koma hannun ƴan kasuwa da masu jigila. A haka makanikai suka ƙware a kanta, masu shaguna suka tara kayanta. A 2019 Toyota ta sanar da cewa Land Cruiser da ta sayar a duniya sun haura miliyan 10. Kamfanin CFAO da ke wakiltar Toyota a Nijar ma, rukunin Toyota Tsusho ya saye shi tun 2012.

Ƙarkon mota a karkara ya dogara da abu biyu: yawan lalacewarta, da tsawon kwanakin da za ta yi a gareji idan ta lalace. Mota mai inganci wadda sai an aika Kwatano, Lome ko Dubai neman ƙarfenta, ba ta kai wadda za a samu kayanta yau a Tahoua, Birnin Ƙonni, Maraɗi, Sakkwato ko Kano amfani ba. Rufe iyakar Nijar da Benin bayan Yulin 2023 ya tsawaita hanyar motoci da kayan gyara masu zuwa ta teku, abin da ya ƙara wa wannan lissafi nauyi.

Abubuwan da ke kashe mota a wannan yanki

Na farko shi ne gurɓataccen mai. Injin 1HZ na Land Cruiser, mai silinda shida da lita 4.2, wanda ya fito a 1990, da injin 3L da 5L na tsofaffin Hilux, suna da famfon gazwal na ƙarfe zalla, ba kwamfuta. Ba su da gudu, 1HZ dawakai kusan 130 ne kawai, amma suna haƙuri da mai marar kyau, kuma makaniken gari na iya buɗe su. Sababbin injuna irin D-4D, wato 1KD da 2KD, da 1GD da 2GD da suka zo a 2015, sun fi ƙarfi da tsimin mai, sai dai suna fesa gazwal da matsi mai tsananin yawa ta ramukan nozul ƙanana ƙwarai. Ɗan ruwa ko ƙasa a cikin mai ya isa ya kashe nozul huɗu da famfo. Ko da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki tun 2011, a ƙauyuka da yawa man jarka da na kwalba ake samu. Mai irin wannan inji ya tace mai da kyalle mai tsabta, ya riƙa zubar da ruwan da matatar gazwal ta tara, ya ajiye matata ta safaya a mota. Motocin gazwal na hannu da aka ƙera don kasuwar Turai daga 2009 zuwa sama suna da matatar hayaƙi a salansa, wadda ke toshewa idan man bai dace da ita ba.

Na biyu ƙura. Matatar iska da ta yage ko ba ta zauna daidai ba na barin ƙasa ta shiga ta goge cikin inji kamar sanfefa. A lokacin hunturu ana duba ta kowane mako. Baƙin mai kuma a canza shi duk kilomita 5,000 ga motar da ke aikin daji.

Na uku zafi. Ciyawa da ƙarangiya na toshe haƙarƙarin lagireto, ruwan rijiya kuma na barin gishiri da tsatsa a ciki. Ruwan sanyaya inji na kanti ya fi. Injin gazwal da ya yi zafi sau ɗaya har allura ta kai ja, kansa na iya tsagewa. Bel ɗin taimin na 1HZ, 5L da KD ana canza shi tsakanin kilomita 100,000 da 150,000 gwargwadon inji. Idan ya tsinke mota na tafiya, barnar ta ninka kuɗin bel sau da yawa.

Na huɗu lodi. Hilux da Land Cruiser 79 an yi su ne don ɗaukar kimanin tan ɗaya, har da mutanen da ke ciki. Buhun hatsi goma masu kilo 100 sun cika wannan awo, buhun albasa kuwa yakan fi haka nauyi. Ranar kasuwa ana ninka wannan lodi, a ɗora fasinja a sama. Ƙara ganyen sifirin na hana bayan mota zama, amma ba ya ƙara wa shasi, pon, birki ko taya ƙarfi. Kaya masu tsayi kuma na sa mota saurin kifewa a gangara.

Na biyar ƙarafan gaba. Land Cruiser 70, 80 da 105, da Patrol Y61, da Hilux ta kafin 1997 a kasuwanni da yawa, suna da pon na gaba dunƙulalle, mai jure duka da sauƙin gyara. Sababbin Hilux, Prado da Pajero kowace tayar gaba da nata hannu, sun fi daɗin zama a gargada, amma suna da robobin da ke rufe gaɓoɓin ƙarfe. Ƙaya ko dutse ya huda robar, giris ya zube, yashi ya shiga, gaɓar ta fara ƙara a kwana. Canza roba da wuri ya fi sayen gaɓa araha nesa ba kusa ba.

Tuƙi a yashi, laka da ruwa

A yashi, rage iskar taya ya fi kowane maɓalli amfani. Taya mai kilo 1.5 na shimfiɗuwa ta hau kan yashi, mai kilo 3 kuwa tona rami take yi. Mota mai lodi ba a rage mata da yawa, kuma da an fita sai a mayar da iska, don taya mai ƙarancin iska na yin zafi ta fashe a kwalta. Ana sa karabo tun kafin a shiga, a riƙe giya ɗaya, a guji birki mai ƙarfi da kwana mai kaifi. Idan mota ta tsaya tayoyi na juyawa, a ɗaga ƙafa nan take. Ci gaba da taka totur na binne ta har ciki. Shebur, jak da katakon ɗora shi, igiyar ja mai ƙarfi, famfon iska da taya safaya biyu su ne kayan tafiyar daji. A lakar fadama kuwa, taya mai manyan haƙora ce ke aiki, kuma bin sawun da ya riga ya taurare ya fi buɗe sabo.

Ruwan ƙorama shi ne mafi hatsari. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 30 na iya ɗaga ƙaramar mota, mai santimita 60 na tafiya da yawancin motoci har da kat-kat. Zurfin da Toyota ta ƙayyade wa Land Cruiser 70 da sabuwar Hilux santimita 70 ne, a ruwa marar gudu mai ƙasa mai tauri. Ƙasan ƙorama kuwa yashi ne da ruwa ke kwashewa daga ƙarƙashin taya. Bututun shaƙar iska da ake ɗagawa gefen gilashi na kare inji daga shan ruwa, ba ya hana ruwa tafiya da mota. Ƙoramun Adar kan sauka bayan ƴan awoyi da ɗaukewar ruwa, don haka jira a bakin gaɓa shi ne daidai. Da mugun rawa gara ƙin tashi. Idan inji ya mutu a cikin ruwa, kada a sake tayar da shi, domin ruwan da ya shiga silinda na lanƙwasa ƙarfen fistin. Bayan tsallaka ruwa mai zurfi a duba man pon da na taransifa. Idan ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga, a canza.

Kafin a biya kuɗin motar hannu

Abu na farko shi ne a leƙa ƙarƙashi. RAV4, CR-V da Highlander da yawa masu zuwa daga Amurka tayoyin gaba kaɗai ke ja, akwai kuma Hilux masu tsayi da tayoyin baya kaɗai ke ja. Mota mai taya huɗu dole a ga ƙarfe mai kai ƙarfi ga pon biyu. Idan an ga gurbin kardan amma babu shi, ana ɓoye wata cuta ce. A gwada H4 da L4 a kan ƙasa, a ga fitilarsu ta kama ta tsaya, a ji ko akwai ƙara. A duba shasi ko an yi masa walda, musamman tsakanin gidan direba da akori. A tayar da inji da sanyin safiya a kalli hayaƙi. A buɗe murfin baƙin mai da na lagireto a ga ko ruwa da mai sun haɗu. Lambar kilomita da ke gaban direba ba abin dogaro ba ce. Cinyewar feda, sitiyari da kujera sun fi ta faɗin gaskiya. A tabbatar lambar shasi ta yi daidai da ta takardun duwan da kart giriz. Kuɗin da za a ba makanike amintacce ya raka mutum dubawa kaɗan ne a kan kuɗin taransifa ɗaya.

Wace mota ta dace da wane aiki

Ga gidan likita, ofishin magajin gari ko ɗan kasuwar da ke shiga ƙauyukan Tabotaki, Babankatami, Déoulé ko Garhanga rani da damina, tsari na farko mai ƙaramar giya da inji mai sauƙin gyara shi ne ya fi dacewa: Land Cruiser 78 ko 79, ko Hilux. Ga mai yawan tafiya tsakanin Tahoua, Madaoua, Maraɗi da Yamai wanda kan ratsa daji jefi-jefi, tsari na biyu ko Super Select ya fi kwanciyar hankali, idan yana da ƙarfin mai da gyara. Ga ma'aikacin da zirga-zirgarsa ba ta wuce cikin gari da hanyar burji mai kyau ba, RAV4 ko makamanciyarta ta isa, muddin bai kai ta ƙorama ba. Inda mota ɗaya ce ke hidimar ƙauyuka da yawa, kamar motar ɗaukar marasa lafiya, a tanadi kuɗin gyara da taya tun watan Mayu, a gwada karabo da ƙaramar giya kafin ruwan farko, a kuma koya wa direba fiye da ɗaya yadda ake sa su da cire su.